Ledar Da Na Ɓoye a Cikin Littafi

Winsum,
Asabar, 14 ga Satumba.

Zuwa ga kakana abin ƙaunata, Opa Siebren,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar taka da wannan ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa? Yaya tattabarunka? Mama ta ce tarin ya yi sauƙi, na ji daɗi.

Opa, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Jildou ƙawata ba ta sani ba. Ni ce na fasa bututun gas ɗin da ka binne a lambunmu. Ba kai ba ne.

Ka tuna watan Mayu, da Baba ya ce ya gaji da ɗaukar tukunyar gas a keke, yana so a jawo masa gas daga cikin gida har zuwa sabon murhun gashinsa? Kwana uku kana haƙa. Ina zaune a kan katanga da littafina, kana tsokanata: "Gimbiya, yariman bai iso ba har yanzu? In ya zo, ce masa ga shebur." Ka shimfiɗa yashi, ka kwantar da bututun, ka cika shi da iska, ka zuba wa agogon awo ido har kofinka ya huce, allurar ba ta motsa ba. Sannan ka zuba ƙasa rabi, ka ja doguwar leda ruwan ɗorawa a sama. Ka ce mini, "Marrit, wannan ledar ita ce bakin bututu. Duk mai haƙa da ya gan ta, ta ce masa tsaya." Na gyaɗa kai, amma rabin hankalina yana shafi na ɗari biyu.

A littafin akwai wata rumfar wardi inda masoyan suke haɗuwa. Na so irinta a kusurwar lambu, ko da ni kaɗai zan riƙa zama. Bayan tafiyarka da kwana biyar, ba kowa a gida, na zaɓi inda ƙasa ta fi laushi. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ta yi laushi ba. Ina haƙa na ci karo da ledar. Opa, na gane ta. Na dai ce a raina ai bututun yana can ƙasa sosai. Na sa almakashi na yanke inda ta tare ni, na cusa guntun a aljihu, na kafa rodin ƙafar rumfar na yi ta bugu da guduma, sai na ji ya soki wani abu da ba ƙasa ba. Na zare shi, na mayar da ƙasa, na tattake. Ban ji wari ba, don ba a buɗe gas ba tukuna, murhun bai iso ba. Na ce wa kaina ƙila saiwar itace ce.

Sauran ka sani. Ranar bikin zagayowar haihuwar Baba, baƙi sun yi da'ira a kujeru, an yanka kek, nama yana jira a faranti. Aka buɗe gas, can sai Anti Geertje ta toshe hanci ta ce, "Wa ya fasa ruɓaɓɓen ƙwai?" Kai ka fara miƙewa, da gwiwar nan taka, ka je ka rufe gas ɗin, ka ce kowa ya kashe sigari ya koma titi.

Washegari mai gyaran da Baba ya kira ya tono wurin, ya nuna tsagar, ya ce, "Kuma nan ko leda ba a sa ba." Baba ya juyo gare ka ya ce, "Haba Baba, shekara arba'in kana wannan aikin!" Ka daɗe kana kallon ramin. Ka ce wa Baba, "Na sa, Tjerk. Ina ganin na sa." Wannan "ina ganin" ɗin ita ce take hana ni sakat. Ina tsaye a bayan tagar kicin, guntun ledar yana sama a ɗakina. A littattafaina yarinyar takan fito da gudu ta faɗi gaskiya. Ni ɗaki na koma.

Na ɗauka maganar za ta wuce. Sai na ga ka bar akwatin kayan aikinka a rumfar kekunanmu, ba ka sake tambayarsa ba. Na ga kana komawa kicin sau uku ka taɓa makunnin murhunka kafin mu fita. Ka daina ce mini gimbiya.

Shekaranjiya na ji Baba da Anti Geertje a waya. Sun ce ranar Talata za su kai ka ganin ɗaki a gidan kula da tsofaffi, wai mantuwa ta fara, kuma mai mantuwa ba ya zama shi kaɗai da gas. Anti ta ce ka amsa ba musu. Opa, can ba a kiwon tattabaru. Kuma ba ka manta komai ba. Ledarka tana kwance daga bango har murhu, sai ɗan guntun nan da za ka gani a cikin ambulan. Wata huɗu yana tsakanin shafukan littafin, ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba.

Da na yi niyyar jefa wasiƙar ta ƙofarka in gudu. Na fasa. Gobe da ƙarfe goma, lokacin shan kofi, Baba zai kawo mu. Zan miƙa maka ita hannu da hannu a gabansa, in tsaya har ka gama, sannan ka ba shi. Zan ɗauro akwatin kayan aikinka a bayan mota. In ka yi fushi, ka yi. Amma don Allah ka ce musu ba inda za ka ranar Talata.

Ka huta lafiya.

Jikarka mai neman gafara,
Marrit