Na wanke kayanta ina sane

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi duk wanda za ku yi mini. Sunayen da zan kira ma na aro ne.

Ni tela ce, ina haya a Luggere a nan Jimeta. Tsakar gida ɗaya muke da wata malamar firamare, Kirista ce 'yar wajen Numan, kuma tun da muke ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba. Shinkafar Kirsimetinta har ɗakina, naman layyata har nata. 'Yarta Rifkatu a gabana ta girma har ta shiga kwaleji, kuma Adda take ce mini kamar yadda ƙannena suke kirana. Wata rana da rana tsaka, uwarta tana makaranta, sai ga yarinyar nan ta faɗo mini ɗaki, riga a yage, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ni mace ce, ba sai an yi mini bayani ba. To me na sani? Abin da na tashi na ga manya suna yi shi na yi: na rufe ƙofa don rufin asiri, na dafa ruwa da bagaruwa, na zaunar da ita a baho na gasa ta. Wallahi ban san asibiti ake fara kai mutum kafin ruwa ya taɓa jikinsa ba. Ina riƙe da kafaɗarta ina tsine wa wanda ya yi, na ce ta gaya mini wane la'ananne ne. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Adda, Hamidu ne."

Hamidu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Dadarmu, ni na goye shi. Keke yake tuƙawa, kuma ni da bakina na ce ya riƙa ɗauko ta daga kwaleji saboda na fi yarda da shi a kan baƙo. A lokacin kayanta suna nan a ƙasa yadda ta cire su, ban taɓa su ba. Na tsaya ina kallonsu. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk jahilcina na san kayan nan za su yi magana in an kai su gaban hukuma. Na kwashe su na jiƙa, na wanke tas har da ruwan bilic, na shanya a bayan ɗaki. Wankan da na yi mata rashin sani ne, Allah shi ne shaida. Wankin kayan kuwa da hankalina na yi shi.

Da uwarta ta dawo ta kwashe ta sai asibiti, daga nan sai wurin 'yan sanda. Likita ya ce ruwa ya tafi da yawancin abin da za a duba. Duk da haka aka kama Hamidu tunda ta ambace shi, shi kuwa ya rantse cewa a bakin layi ya sauke ta ya wuce. Dada ta taso daga cikin Yola tana kuka, hawan jininta ya tashi, kawunmu ya nemo barista. Ranar da barista ya kira ni ofis na je da niyyar in amayar masa da komai, ko na ji sauƙi a ƙirjina. Ina buɗe baki ya ɗaga mini hannu ya ce, "Hajiya, kada ki gaya mini abin da ban tambaye ki ba." Ya tambaya ko na ga Hamidu a gidan ranar, na ce a'a. Wa ya yi mata wanka, wa ya wanke kayan? Na ce ni. Ya ce shi ke nan, ya isa. Ya yi mini bayani cewa shi ba aikinsa ba ne ya nuna Hamidu waliyyi ne, gwamnati ce za ta kawo hujja, in babu hujja babu hukunci. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Ni ce na san abin da na sani.

Ranar shaida kuma ga abin da ya fi ci mini rai. Da aka kawo Alƙur'ani in dafa, sai na ce ina fashin salla. Ƙarya ce, da tsarkina. Aka ce in ɗaga hannu in yi alkawarin faɗin gaskiya, na ɗaga, wai ni mai dabara, kamar Allah sai wanda ya dafa littafi yake gani. Tambayoyin barista na amsa su lafiya lau. Sai lauyar gwamnati ta miƙe ta tambaye ni ko Rifkatu ta ambaci sunan wani lokacin da nake mata wanka. Na juya na ga Dada a benci tana jan carbi. Na ce wa lauyar kuka Rifkatu take yi, ban ji abin da take faɗa ba.

Da aka fito Rifkatu ta same ni a ƙarƙashin bishiyar da ke harabar kotu. Na zaci zagi ne, wallahi da na fi son zagin. A hankali ta ce, "Adda, ruwan nan ya ƙona ni ranar, amma na daure, don na zaci taimakona kike yi." Uwarta ta ja hannunta suka wuce, ko kallona ba ta yi ba.

Yanzu sun tashi daga gidanmu sun koma Yolde Pate. Rifkatu ta daina zuwa kwaleji saboda ana nuna ta ana cewa ƙazafi ta yi wa yaron mutane, har ana cewa ai Addar da ta wanke ta ma ba ta ji komai ba. Hamidu yana waje a kan beli, barista ya ce in sha Allahu ranar yanke hukunci za a sallame shi, Dada har ta fara tanadin geron sadakar godiya. Ni kuwa ko abinci ba na barin 'yan matan da ke koyon ɗinki a wurina su miƙa masa. Wannan bai ishe ku shaida ba? Na taɓa tare shi mu biyu na ce ya dubi Allah ya gaya mini gaskiya. Bai musa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi, "Adda, ki bar maganar nan. Ai ke kika wanke. In na shiga, ke ma kin shiga."

Ba a yanke hukunci ba tukuna. In na koma na faɗi gaskiya, ƙanena zai tsufa a gidan yari, ni a kama ni da shaidar zur, Dada kuwa ban jin za ta kai labari, kuma dangi ba za su sake cin abin hannuna ba. In na yi shiru, yarinyar da ta gudo ɗakina don ta yarda da ni za ta ƙare rayuwarta da sunan maƙaryaciya, kuma ni na rataya mata shi. Ina ɗaga hannu in yi istigfari sai in tuna da hannun nan na yi alkawari a kotu. Ko akwai tuban da ake karɓa alhali mai haƙƙi tana nan tana kuka? Ban ga mafita ba, ko ta ina na juya sai na kashe wani. Jama'a, don Allah, me zan yi?