Jamus Sun Harbe Mai Lofe

Wurno, Lahadi da dare, watan Safar

Yau a kasuwar Goronyo akawun kamfanin fata ya ja ni gefe, ya ce, "Malam Bello, Jamus sun harbe Mai Lofe."

Na ce, "Mi ya yi musu?"

Ya ce tun da Baturen ya bar sayen fatun awaki nan ya koma ƙasarsu Holan, mutanen garinsu sunka zaɓe shi majalisa, har ya zama babba. Da Jamus sunka ci ƙasar, sunka ce ya yi musu aiki, ya ƙi.

Na ce Allah Sarki, na koma ga fatuna. Har ciniki na yi.

Shekaru na yi ina mishi tafinta, kullum da lofen taba a bakinshi, shi ya sa muke kiran shi Mai Lofe. Mutumin da ko jaki bai iya daka wa tsawa, wai shi ne ya ce wa masu bindiga a'a.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Ya bar ɗiya?" Ban sani ba. Ban taɓa tambayar shi ba.

Na ci tuwo, na yi Lisha. Ina ta jiran baƙin cikin, bai iso ba tukuna.