Sun Raba Unguwarmu ta Tsakiyar Gada

Gwaggo Hajara, don Allah ki taimake ni kafin bakina ya ƙarasa ni.

Ni manomin rani ne a wata unguwa tsakanin Kura da Bunkure. Kanal ɗin da ke kawo ruwan noma ya ratsa tsakiyarmu. Mu muna gabas. A yamma akwai gidajen su Levi, waɗanda iyayensu suka zo noman tumatir daga Filato suka zauna, sai rugar su Malam Hammadu da ta daɗe da zama gari. Gada ɗaya ce ta haɗa mu. A kanta Iyatu ke tuyar ƙosai, a kanta ake musun ƙwallo, a kanta ake sa ranar yashe kanal. Duk shekara kafin a saki ruwa, mu na gabas da na yamma muke shiga da shebur mu kwashe laka da ciyawa, in ba haka ba na ƙarshen layi ko ɗigo ba zai gani ba. Gonata kuwa ita ce ta ƙarshen layin.

Kwatsam sai ga kwamitin sake shata mazaɓu ya manna taswira a bangon firamare. Ni ban yi boko ba, a jikin buhun taki da kwalbar maganin feshi na koyi karatu, amma na karanta ta tsaf. Sun ga shuɗin layin kanal a takarda, suka ce ai ga iyaka Allah ya kawo. Gabas ta zauna a tsohuwar mazaɓa, yamma ta koma sabuwa. Gwaggo, ta tsakiyar gada layin ya bi! Kaskon Iyatu na mazaɓa ɗaya, bencin masu cin ƙosan na wata. Kanal ɗaya, kansila biyu. Duk ranar da gefensa ya fashe, wannan zai ce na wancan ne, wancan ya ce bai san zance ba. Ranar yashe kuma kowa zai tsaya a gefensa, tumatirina ya bushe ina kallo.

A taron jin ra'ayi na farko na miƙe na ce wanda ya zana taswirar nan ko randar ɗakinsa ya gani zai raba gidan biyu. Matasa suka yi ta tafi, kaina ya yi girma. Ban gama zama ba sai ga Levi ya miƙe ya ce su mutanen yamma sun yarda da rabon. Levi fa! Wanda ke cin naman layya a gidanmu, ni ma ba na fashin shinkafar Kirsimeti a nasu. Wai tun tasowarsa duk abin da kansila ya kawo a gabas yake tsayawa, rijiyar burtsatse a gabas, rumfar zaɓe a gabas, rabon taki a ƙofar mai unguwa a gabas. Wai a sabuwar mazaɓa yawansu zai sa a riƙa jin muryarsu. Malam Hammadu na gefe yana gyaɗa kai. Ni kuwa, ke dai bari, a gaban jama'a na ce masa ya sayar da mu a kan famfo.

Yanzu in mun haɗu a gada gaisuwar baƙo yake yi mini, har da tambayar iyali. Taro na biyu ya ƙarato, dattawa sun ce ni zan yi magana da yawun gabas, amma sai na ba shi haƙuri tukuna. Ni da nake kare zumunci, ni ne kuma zan ba da haƙuri?

Naki, Mai Bakin Barkono.

*

Ɗana Mai Bakin Barkono,

E, kai za ka ba da haƙuri, kuma a gaban mutanen da ka faɗi maganar. Zancen randa ya ba ni dariya, ban ɓoye maka ba. Zancen famfo bai ba ni ba. Matar Levi ce ke tsallako gada da jarka a ka, ba taka ba.

A kan kanal kana da gaskiya. Mutanen da ke shan ruwa ɗaya, suke yashe laka ɗaya, bai kamata a raba musu kansila ba, kuma wannan hujja ce da kwamiti zai iya saurara in an faɗe ta babu zagi. Ka roƙe su su zo su tsaya a kan gadar da ƙafafunsu. Mai zanen ba maƙiyinku ba ne, daga ofis kanal iyaka ce mai sauƙin nunawa.

Amma Levi ma bai yi ƙarya ba, na lura ko abu ɗaya cikin abin da ya lissafa ba ka musa ba. Zaman taren da kake kuka a kansa ya fi yi wa gabas daɗi. Ana kiran su ranar shebur, ana mantawa da su ranar rabo. Wanda aka yi wa haka, in an buɗe masa wata ƙofa, ba cin amana ya yi ba don ya leƙa.

Ga tambayar da wasiƙarka ta tsallake. Kana cewa kada a raba ku, amma duk tunaninka su ne za su zauna inda kake. Me zai hana ku ku bi su? Ku nemi a ɗaga layin ya zagaya ta bayan gonakin gabas, unguwar ta shiga sabuwar mazaɓa gaba ɗayanta. Kanal ya samu kansila ɗaya, su Levi da su Malam Hammadu su samu inda yawansu ke da nauyi. Ku kuma ku rasa zama 'yan gaban goshi. Wasu dattawanku ba za su so ba, mai yiwuwa kuma kwamiti ya ce lissafin yawan jama'a bai ba da haka ba. To sai ku juya, ku zauna a tsohuwar tare, amma a yi alkawari a gaban kowa cewa rumfar zaɓe da rijiya ta gaba yamma za su.

Kada ka kai wannan taro kai kaɗai. Ka fara zuwa gidan Levi, ka ba da haƙurinka, ka yi shiru ya gama maganarsa duka, ko da harshenka na ƙaiƙayi. Sannan ka tambaye shi ko za su karɓe ku. In ka ji zuciyarka ta ƙi komawar, to ka san ba rabuwa kake tsoro ba, gaba kake so ka ci gaba da zama.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ruwa har ƙarshen layi.

Gwaggo Hajara.