Daddawar da ta iso a makare

Zuwa ga 'yata Salwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Garzali da yara a Funtuwa. Ni ina nan ƙasar waje, a ɗakina a unguwar Glenwood, ƙafafu sun ƙi, sai na dafa bango nake kaiwa bakin ƙofa. Yayanki Uzairu yana McLeansville lafiya, yakan leƙo ni ranar da ya tuna.

Ƙullin daddawar da kika aiko ya iso, da saƙonki cewa in ɗanɗana in ji ko kin gaji hannun mahaifiyarki, in kuma yafe miki. To, bari in koya miki wani abu. Maƙwabcina Zakaria, mutumin Jos, yana aiki a gidan abincin da attajiran unguwar Irving Park ke zuwa ɗanɗana giyar inabi. Ni ban taɓa kai ta baki ba, Allah Ya tsare, amma ya kwatanta mini yadda suke yi: su kaɗa kofi, su cusa hanci, su kurɓa, su juya a baki, su tofar. Ya ce harshe abu kaɗan ya sani, zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da ɗan daɗin romo. Sauran duk aikin hanci ne. Ni kuwa hancina ya mutu tun korona.

Duk da haka na kaɗa miyar kuka da ita, na yi yadda suke yi. Na shinshina, shiru. Na kurɓa, gishiri da santsi kawai. Na tofar.

Mai hancin ita ce Kubura, uwarki. Lokacin da take kwance a asibiti a nan, abincinsu ya ƙi shiga, ba ta roƙi komai ba sai daddawarki. Kika ce sai an samu mai tafiya. Ga mai tafiya ya samu, bayan ciyawa ta rufe kabarinta. Ihu bayan hari ke nan, Salwa.

Ragowar na ba Zakaria. Ya ce ƙamshinta ya cika masa gida, wai wadda ta yi ta gwana ce. Sai ki nemi yafiya wurinsa, tunda shi ya ji. Ni kada ki sake aiko mini.

Ki gaida Garzali, da gwaggonki Mubaraka, da takwarar Kubura.

Mahaifinki,
Malam Jafaru