Sai Majalisa Ta Zauna

Nuzla, Jidda
Safar 1388

Zuwa ga maigidana Abdulghani,

Bayan sallama da fatan kana lafiya, yaya gajiyar zaɓe? Ka yi wa Yaya Othman barka da cin kujerar majalisa. 'Yarmu Sharifa ta fara tafiya, kullum ƙofa take nufa.

Da za ka haye Sudan ka ce mini tuƙa yayanka kawai za ka yi wajen neman ƙuri'a, ana gamawa ka dawo. To, an gama. Yanzu kuma ka rubuto wai da saura, mutanen gari wakilai kawai suka zaɓa, wakilan ne za su taru a Khartum su zaɓi shugaban ƙasa. Ni ban san zaɓe hawa biyu gare shi ba. Kafilinka, ubangidan da kake tuƙa wa mota, ya aiko tambaya, na ce kana hanya.

Taka,
Rabi'atu

Maigida,

Ina gaisuwa, yaya zafin Khartum? Ni na kasa zama wuri guda. In ɗora tukunya in manta, ina gidan maƙwabciyarmu Aishatu bakin rediyo. Mijinta ya fahimtar da ni cewa babu jam'iyyar da ta samu rinjayen da zai ishe ta, dole biyu su haɗa kai, shi ya sa ake zawarcin kowane wakili. Ashe shi ya sa kake ta kai Yaya gida-gida.

Jiya kafili ya zo da kansa, ya tsaya daga waje. "Halas, magana ta ƙare," in ji shi, "motar ba za ta yi ta jiran majalisar wasu ba." Na roƙe shi har muryata ta dushe.

Rabi'atu

Nuzla, Rabi'ul Awwal

Abdulghani,

Ina fatan kana lafiya. Na ji a rediyo wakilai sun kaɗa ƙuri'a, ɓangarenku ya yi nasara, an rantsar da shugaba. Har guɗa na yi. Sai ga saƙonka wai in ƙara haƙuri a naɗa ministoci, ko Yaya zai samu.

Kafili ya ba wani motar, ya ce ba zai sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, ba. Na raba kayan ɗaki, na mayar da mabuɗi. Ranar Alhamis za mu shiga jirgin ruwan Bur Sudan ni da Sharifa. Idan na sauka na gan ka, mu bi ka duk inda kake. Idan ban gan ka ba, gidan Babana a Gadarif zan wuce, ka san hanya.

Wassalam, matarka,
Rabi'atu