Ƙusoshin Jirgin Tawakali

Malindi, 4 ga Maris, 1987

Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ya ƙafar taka? Famau na gaishe ka, yaran ma haka.

Baba, mijina Famau ya sayi tsohon jirgin ruwan fasinjan nan, Tawakali, wanda kai da Baffa Lali kuka yi wa ɗaki tun ina ƙarama. Gindinsa lafiya lau, silin ɗin ɗakin ne ya kumbura. Kafintan nan ya ce a saka sabon katako mai laushi a manne da gam. Famau tuƙi kawai ya sani, ni ya bar wa maganar. Me ka gani?

'Yarka,
Somoe

Matondoni, 15 ga Maris

Somoe,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Wannan kafintan naku na kujeru ne. Ba a manne silin ɗin jirgi da gam, don ranar da rufin ya fara yoyo sai an buɗe an duba. Ana kafa siraran katako a jikin azara, a bar rata yatsa biyu don iska, sannan a ɗaure allunan da ƙusa mai murɗi ta tagulla. Baƙin ƙarfe kuwa, ruwan gishiri kan cinye shi cikin shekara uku.

Amma na Tawakali kada ku cire. Ku ɗora sabo a kansa, ya fi sauƙi.

Mahaifinki,
Bwanaheri

Malindi, 29 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso bayan mun riga mun sauke silin ɗin.

Kowane allo akwai alama a bayansa. Na ɓangaren dama an rubuta harafin lam, na Baffa Lali ke nan. Ƙusoshinsu tagulla ne, muka murɗe suka fito kamar jiya aka sa su. Na hagu akwai ɗan kifin nan da kake zanawa a bayan duk abin da ka sassaƙa. Ƙusoshinsu baƙin ƙarfe ne, an shafe kawunansu da fenti. Tsatsa ta cinye su, da hannu Famau ya ɓalle allunan. A tsakiyarsu akwai wani allo daban marar alama, na gyara.

Tun ina yarinya abin da nake ji a gida shi ne aikin Baffa ne ya faɗo wa wata mata a ka, shi ya sa ya bar gari. Ban ce komai ga Famau ba. Ina tambaya ne kawai, Baba.

'Yarka,
Somoe

Matondoni, 20 ga Afrilu

Somoe,

Na jima ban amsa ba, lafiyata ƙalau.

Abin da kika gani haka yake. Tagullar ta ƙare mana saura kwana biyu jirgi ya tashi, sai an je Mombasa a samo. Lali ya tafi jana'iza Faza, ni kuma na gama ɓangarena da abin da ke cikin akwatina, na ce bayan damina zan canza. Ban canza ba. Shekara ta huɗu allon ya faɗo, ya karya wa matar kafaɗa, da jaririnta a cinya. Allah ya kiyaye yaron.

Mai jirgi ya zo wurin aikinmu, ya ce, "Cikinku wa ya yi hagu?" Ina da ku huɗu a gida, Lali bai yi aure ba. Sai na kalli Lali. Mai jirgin ma ya kalle shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi aiki daga Lamu har Kiunga.

Na ji yana Mombasa, unguwar Majengo, yana yi wa makarantu benci. Ban iya rubuta masa ba, na gwada sau uku. Ki aika masa wannan takardar yadda take.

Mahaifinki

Mombasa, 9 ga Mayu

'Yata Somoe,

Na ga saƙonki, na ga na babanki. Allah ya yi miki albarka. Rabona da ke kina da giɓi a baki, ga shi har kina gyaran jirgi.

Ba sabon labari ba ne a wurina. Ina cikin jirgin ranar, ni na ɗauke allon daga jikin matar, na ga kifin, na jefa shi a ruwa. Na zaci babanki zai faɗi gaskiya da kansa. Na jira shi wata shida kafin na tafi.

Ku auna ɗakin, tsawo da faɗi, ku bar azarun su sha iska. Zan zo Malindi ranar Asabar da motar safe, aikin kwana biyar ne. Ki ce wa mijinki ya sallami mai gam ɗin.

Maganar zuwa Matondoni da kika yi kuwa, kada ki yi wa babanki alkawari da bakina. Bari in ga jirgin tukuna.

Baffanki,
Lali