Kukan Jirgin Ƙasa a Gawon Tudu

Zuwa ga: Mai girma Perefen Magarya
Daga: Zakari Ɗayyabu, manomi, ƙauyen Gawon Tudu, ƙasar Bande
Rana: Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Game da: jirgin ƙasa da ke hana ni barci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin kawo kukana. A yafe mini rubutu, aji huɗu na yi a lakkol.

1. Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, 2024, wasu masu kishin gari da ake kira Kwamitin Tarbar Jirgi suka yi biki a bakin dangata. Da yake jirgi bai zo ba, layinsa ma ba a shimfiɗa ba, sai suka ɗaura amsa-kuwwa a kan sandar fitila mai aiki da hasken rana, suka sa kukan jirgi, wai don talakawa su saba. Ban ɓoye ba, na yi tafi. Tun ina yaro nake son ganin dogo.

2. Baƙi suka ci nama suka tafi, suka bar abinsu haɗe da fitilar. Ita kuwa da duhu ya yi take kama kanta. Tun ran nan, daga magariba har asuba jirgi na shigowa Gawon Tudu, yana huci, yana busa, ba ya fita.

3. Na je wurin mai gari, ya ce abin da aka yanke wa ƙyalle a gaban manya ba a taɓa shi sai da manya. Na nemi kwamiti, aka ce ya watse. Wanda ya haɗa wayar yana Kano.

4. Sauran gidaje na can nesa, sun saba. Ni ke ƙarƙashin sanda. Jakina yanzu amsa masa yake, kuma na lura murya ɗaya suke ɗauka. Barci ya ƙaurace mini, na koma gyangyaɗi a sahu, na kira jikata da sunan marigayiya kakarta. Ran nan ɗiyata Rukaiya ta iske ni a ƙofar gida da buta da jakar tufafi, wai na ce mata kada mu makara. Ban tuna ba, amma Rukaiya ba ta ƙarya.

5. Saboda haka ɗana Sadisu ya tsayar da Alhamis, 13 ga wannan wata, zai kai ni Damagaram wurin likitan masu taɓin hankali. Ranka ya daɗe, ka duba. Likita zai tambaye ni abin da ke damuna. Ni kuwa zan ce jirgin ƙasa nake ji kullum dare a ƙasar Bande. Wane likita ne zai bar ni in koma gida?

Ina roƙo cikin ladabi a aiko mutum da tsani ya cire wayar nan kafin Alhamis ɗin. In ba a samu tsani ba, a taimake ni da takarda mai hatimin ofishinka, wadda zan nuna wa likita, mai shaida cewa kukan yana kan sanda, ba cikin kaina ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka barci mai daɗi.

Talakanka mai biyayya,
Zakari Ɗayyabu